Allurai a Lambatu

Mai wanki ne ya fara gano abin, kuma da tafin ƙafarsa ya gano shi. Ya sauka lambatun da ke bayan filin tantance shara don ya ciro rigar da iska ta kwashe masa daga igiya, sai allura ta huda silifa ta shige shi. Kafin a ɗauke shi zuwa asibiti, unguwa ta cika bakin lambatun. Jarka bakwai ne a ciki, irin na man girki, kowace maƙil da alluran asibiti da aka riga aka yi amfani da su. Shida na nan da murfinsu a ɗaure tam. Ta bakwai ta faɗa kan dutse ta tsage, ruwan da ke gudu ya baza abin da ke cikinta.

Mai Sawu ya iso a makare, don gwiwoyinsa ba sa karɓar umarni kafin rana ta yi zafi. Shekara ashirin ya yi yana bin sawun dabbobin da aka sace, har aka shafe hanyoyi da kwalta, ɓarayi kuma suka koyi loda shanu a mota. Yanzu shi ne mai gadin ƙofar filin da rana, aikin da yayarsa, shugabar ƙungiyar mata masu tantance shara, ta samo masa. Yakan ce da can yana neman abin da mutane ke kuka don ya ɓace musu, yanzu kuwa yana tsaron abin da suke murna an raba su da shi.

Ya dubi ƙasa. An yi ruwa da dare, laka ta yi laushi kamar an kwaɓa ta don a yi masa rubutu, amma ƙafa ɗari ta riga ta taka rubutun. Abu ɗaya ne ya tsira, kuma ko makaho zai karanta shi: layin taya biyu, ɗaya a miƙe, ɗaya yana karkacewa.

"Amalanken Baba ce," in ji wata mata. "Duk garin nan ita kaɗai ke tafiya kamar ta sha wani abu."

Maganar ta zagaya taron ta dawo, ta zama hukunci.

*

Duba-gari ya zo a kan babur, da littafi a hammata da hankici a hanci. Mutum ne mai tsabtar farce, wanda ya haddace sabuwar dokar shara, kuma ba ya ƙin a sani. Ya tara mutane a ƙofar filin ya karanta musu sashen da ya shafe su. Duk filin da aka samu sharar asibiti a cikinsa, ko a hannun ɗaya daga masu katin shaidar aiki a filin, za a rufe shi nan take. Idan kuwa wanda ya zubar ba mai kati ba ne, 'yan sanda ne za su ji da shi, filin babu ruwansa.

"Baban nan yana da kati?"

"Ba shi da shi, yallaɓai," aka amsa daga wurare da yawa, da saurin da ya sa Mai Sawu ya sunkuyar da kai.

"To, jibi da safe zan dawo da 'yan sanda. Ku tabbata yana nan."

Mace arba'in da uku ke cin abinci a filin nan. Mai Sawu ya dubi yayarsa. Tana tsaye ta harɗe hannu, ba ta ce uffan ba, ita da in ta buɗe baki injin matse roba ma sai ya saurara.

"Auta, koma bakin ƙofa," ta ce da shi. Shekararsa hamsin da huɗu, furfura ta ci rabin gemunsa, amma a wurinta bai taɓa wuce Auta ba.

*

Baba Mai Amalanke yana zaune a gindin katangar baya, inda yake ajiye amalankensa kullum, yana goge sandarsa mai ƙugiya a baki. Da ita yake ɗaukar gwangwani da guntun ƙarfe, don bayansa ya daina lanƙwasuwa tun da daɗewa.

"Baba, me ya hana ka yin kati?"

"Sau uku na je. Sun ce sai adireshi. Na ce rumfar mai faci. Sun ce rumfa ba gida ba ce. Na ce to ku faɗa wa ruwan sama, don shi ya yarda gida ce, yana zuwa min baƙunci."

"Yau da asuba ina kake?"

"Ina inda nake. Da gari ya waye na zo na tarar an juya min ita, hannunta yana kallon hanya. Ni kuwa bango nake jingina shi." Ya nuna cikin amalanken da sandar. "Kuma ka duba, an wanke ta. Shekara tara ba ta ga ruwa ba sai na sama."

Mai Sawu ya leƙa. Har lungunan katakon an cuɗa su da omo.

"Ɓarawon da ya ari abu ya maido da wanki," in ji shi. "Da irinsu nake bi a da, da ban tsufa da wuri ba."

Baba bai yi dariya ba. "An ce kana karanta ƙasa. Ka karanta min. Ni in aka kai ni can, ba fitowa zan yi ba, ka ga jikin."

Daga katangar zuwa lambatun akwai wani siririn lungu da taron bai bi ba. Mai Sawu ya shiga, yana tafiya a gefe-gefe. Layin tayoyin ya nutse wajen zuwa, ya yi sama-sama wajen dawowa. Tsakanin tayoyin akwai sawun mai turawa. Baba takalmin taya yake sawa. Wannan kuwa dogon takalmin roba ne mai zane kamar ƙashin kifi a ƙasa, irin wanda hukuma ta raba wa masu kati ranar da aka buɗe filin, duk lamba ɗaya, don wanda ya yi odar bai tambayi ƙafar kowa ba.

Ya tsaya ya share gumi. Takalmi arba'in da uku. Sai ya tuna akwai na arba'in da huɗu, ya ji sanyi a ransa kamar yadda matsoraci kan ji in ya hango wata ƙofar tsira.

*

Direban tifar da ke kawo shara daga kasuwa yana ƙarƙashin motarsa yana ɗaure wani abu da waya. Takalman robarsa ne kawai suka leƙo waje. An ba shi su ne ranar rabo don ya tsaya a hoto layin ya cika.

"Direba, fito mu gaisa."

"In maganar allura ce, gaishe ni daga nan."

"Kai ka kawo su?"

"Ni na kawo komai. Duk abin da ke filin nan a bayana ya zo. Amma ban buɗe leda. In na buɗe na gani, in na gani na sani, in na sani an kore ni."

"Ɗaga ƙafa."

Direban ya ɗaga. Ƙasan takalmin dama ya shafe sumul saboda taka totur da birki, babu sauran zane. Sawun da ke lungu kuwa zanensa garau yake, hagu da dama.

"Ka gama duba ni?"

"Na gama. Na so a ce kai ne."

"Na gode da fatan alheri. Je ka ƙaramin asibitin bayan kasuwa, su ke cika min kwandon tsakiya da baƙar leda."

*

Nas ɗin da ke kula da asibitin ba ta ɓoye komai ba, da alama ta gaji da ɓoyewa. Ta jawo aljihun tebur ta nuna masa kwafin wasiƙu, tuli guda.

"Wata goma sha ɗaya ke nan injin ƙona sharar asibiti na hukuma ya mutu. Motar da ke zuwa ɗauka ta daina zuwa, tunda ba inda za ta kai. Doka ta ce kada in ajiye allura ta wuce kwana biyu. Ta ce kada in ƙona da kaina. Ta ce kada in sa a kwandon kasuwa. Malam, kai da ka girme ni, zaɓar min wadda zan karya."

"Kin zaɓi kwando."

"Na zaɓi wadda ba ta kwana da marasa lafiya."

"A jarka kike zubawa?"

"Ina na ga jarka? Kwali ne, mu naɗe da salatif, mu sa a baƙar leda." Ta rufe aljihun tebur. "Mai wankin nan ni na wanke masa ƙafa ɗazu. Ina wankewa ina tunanin ko allurar da na yi wa wani ce."

Mai Sawu ya fito yana lissafin abin da bai so. Allurai sun bar asibiti a kwali, sun isa lambatu a jarka. A tsakani akwai wani da ya zauna ya juye su ɗaya bayan ɗaya, tsini ƙasa, ya ɗaure murfi. Mai son ya rabu da abu ba ya yin wannan wahala. Sai wanda ya san zafin allura a yatsa, kuma ba ya so ta samu wani.

*

Ya jira la'asar, don da tsakar rana ƙasa ba ta magana. Sai rana ta kwanta kowane ɗan rami yake samun inuwa. Ya koma lungun, ya bi sawun dawowa a hankali.

Wajen zuwa, mai turawar bai tsaya ko sau ɗaya ba. Wajen dawowa kuwa, bayan taku goma sha biyu sai amalanke ta tsaya, sawu ya ratse gefe taku ɗaya, yatsun ƙafa suka nutse kamar na wanda ya sunkuya. A gaban wurin akwai gurbi a laka, dogo, mai wuya da gindi. Gurbin robar ruwa. An ɗauke ta.

Ya ƙara gaba. Wani gurbin. Sai wani. Tara ya ƙirga kafin katanga. Mutum ya fito da asuba ya aikata abin da zai iya rufe masa wurin cin abinci, yana sauri kada a gan shi, amma ya kasa wuce robar da ke kwance a hanya. Gwangwani biyu suna nan a yashe ba a taɓa su ba. Da Baba ne, gwangwanin zai ɗauka ya bar robar, kuma da ƙugiya.

Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. A gefen kowane gurbi akwai shaidar yatsun da suka tono robar daga laka, huɗu a gefe ɗaya, babban yatsa a ɗaya gefen. Ya sa hannunsa na dama a kai, bai zauna ba. Ya sa na hagu, ya zauna daram.

Ya daɗe a durƙushe. A filin nan bahaguwa ɗaya ce. Ya tuna mahaifiyarsu tana ɗaure wa yayarsa hannun hagu da ɗankwali lokacin cin abinci, shekara da shekaru, har ta haƙura. Da wannan hannun ta yi ta ɗaukarsa yana ƙarami, da shi kuma ta yi ta mangare shi.

*

Ya same ta ita kaɗai a ɗakin injin bayan an tashi, tana share ƙasa. A bayan injin akwai da'ira bakwai a kan siminti inda ƙura ba ta zauna ba.

"Yaya, robobi tara ne ko na yi kuskure?"

Tsintsiyar ta tsaya. Ba ta juyo ba.

"Goma. Ɗaya tana kan kwalta."

Ya zauna a kan wani buhu. "Tun yaushe?"

"Tun da suka fara zuwa a tifa. Duk wadda ta ci karo da kwali sai ta kawo min, in juye. Ina zan kai? In na je ofis na ce ga allura a filinmu, na kai ƙarar kaina. An ce mako mai zuwa za a zo duba fili, shi ne na ce bari in fitar. Na so in ajiye su a ƙarƙashin gadar lambatu in rufe da kwano, ɗaya ta suɓuce, sauran suka bi ta."

"Baba fa?"

"Ban ce shi ne ba."

"Ba ki ce ba shi ba ne."

Ta juyo. "Mace arba'in da uku, Auta. Akwai mai 'ya'ya shida, mijin yana kwance. Shi tsoho ne, za su tausaya masa, kwana biyu su sake shi."

"Kin taɓa ganin sun saki wanda ba shi da adireshi? Wa zai je ya karɓo shi, rumfar mai faci?"

"Ni na sa ka a ƙofar nan."

"Na sani. Kullum gwiwata tana gode miki." Ya miƙe da ƙyar. "Jibi zan faɗi abin da ƙasa ta ce. Suna ba zan kama ba, ban taɓa kamawa ba. Ni dai in kai mai kaya ƙofar gida, in tsaya."

*

Ranar da Duba-gari ya dawo, kowa ya hallara a ƙofar fili: matan a layi, direba a jingine da tifa, nas da wasiƙunta, Baba a tsakanin 'yan sanda biyu da suka fi shi jin kunya. Mai wanki ma ya zo da ƙafa a naɗe.

Mai Sawu ya nemi izini, ya yi magana a taƙaice. Ya faɗi zancen wankin amalanke da na takalmi, ya faɗi kwali da jarka. Sannan ya kai Duba-gari lungu, ya nuna masa gurbin da laka ta bushe a kansa, ya roƙe shi ya gwada hannu. Duba-gari ya naɗe hannun riga ya gwada dama, ya gwada hagu.

Da suka dawo, babu macen da ta dubi shugaba. Duk suka dubi ƙasa lokaci ɗaya, kuma hakan ya fi nuni da yatsa.

"To wace ce?" in ji Duba-gari.

"Aikina ya ƙare a nan, yallaɓai. Amma sawun bai fara daga lungu ba. Ya taso daga kwandon kasuwa, kafin nan asibiti, kafin nan wani inji da ke bayan ofishinku. In kana so in raka ka, gwiwata za ta iya."

"Ba injin aka ce in bincika ba."

"Haka ne. Ni ma ƙofa aka ce in tsare."

Ɗaya daga 'yan sandan ya kama hannun rigar Baba, don ba a ba shi wani umarni ba. Sai shugaba ta fito daga layi. Ta ciro katinta daga wuya ta miƙa.

"Sakar masa riga, ɗana. Ni ce." Ta juya wajen mai wanki. "Ka yafe ni. Na ɗaure murfin iya ƙarfina."

Duba-gari ya karɓi katin, ya rubuta mata takardar zuwa kotu, ya soke sunan Baba. Sannan ya sa aka ja ƙofa, ya manna jar takarda a kan kwaɗon. Mai Sawu ne ya murɗa makullin, tunda aikinsa ne. Matan suka wuce ta gabansa ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta ce masa sai gobe.

*

Washegari ya zo ya zauna a bencinsa, yana gadin rufaffiyar ƙofa. Tifa ta zo da hantsi ta tsaya. Ta biyu ta zo ta tsaya a bayanta. Babban juji na bayan gari ba ya karɓar sharar da ba a tantance ba, sashe na gaba na dokar ne ya hana. A rana ta uku tifa biyar ne a layi, kwandunan kasuwa sun yi ambaliya har bakin titi, ƙudaje sun kai ziyara ofisoshi.

A rana ta huɗu Duba-gari ya zo da wata takarda mai hatimi, wadda ta ce a buɗe na wucin gadi. Ya ɓare jar takardar da kansa. Mata arba'in da biyu suka shiga. Ta arba'in da ukun tana tsallaken titi kusa da amalanken Baba, tana riƙe masa buhu yana zuba gwangwani. Ba ta dubi ƙofa ba, ba ta dubi ƙaninta ba.

Tifar farko ta juye. Ba a yi minti goma ba wata mata ta yaga baƙar leda, ta ciro kwali naɗe da salatif. Ta waiga inda ta saba kaiwa, ta tuna babu kowa a can. Sai ta taho a hankali har gaban Duba-gari, ta miƙa masa da hannu biyu. Shi kuma, da yake mutum ne mai ladabi, ya karɓa kafin ya yi tunani.

"Ina za mu kai, yallaɓai?"

Ya dubi cikin fili, doka ta hana. Ya dubi tifa, ya dubi lambatu. Ya yi ƙoƙarin buɗe littafinsa, hannu bai ishe shi ba. Matan suka koma aikinsu. Babu wanda ya zo ya karɓe shi.

Mai Sawu ya matsa gefe, ya share ƙurar benci da tafin hannu.

"Zauna, yallaɓai. Riƙe shi daga ƙasa, kada ka matse. Wadda ta riƙe kafin kai wata goma sha ɗaya ta yi, tsayuwa ba za ta kai ka ba."